Adalcin Hanya Wajen Ladabtar da 'Yan Sandan da Ake Zargi da Cin Zarafin Iyali: Tarken Rahoton 2022 da Gyare-gyaren da Suka Biyo Bayansa a Ingila da Wales

Tsakure

A watan Yunin 2022 ne hukumomi uku masu sa ido a kan aikin 'yan sanda a Ingila da Wales suka fitar da rahoton haɗin gwiwa game da yadda rundunoni ke ɗaukar ƙarar waɗanda ke zargin 'yan sanda da cin zarafinsu a cikin gida. Wannan muƙala ta yi tarken rahoton, tare da gyare-gyaren dokokin ladabtarwa na 2024 da 2025, ta hanyar ɗora su a kan ma'aunin adalcin hanya. An nuna cewa rahoton ya dace wajen gano inda ƙararraki ke mutuwa, wato tun a matakin karɓar ƙorafi da bincike, amma ya yi rauni wajen fassara alƙalumansa da wajen ƙin amincewa da masu bincike na waje. An kuma nuna cewa gyare-gyaren gwamnati ƙarshen hanya suka taɓa, alhali ɓarakar tana farkonta. Sakamakon haka, an rage wa ɗan sandan da ake tuhuma kariya ba tare da an ƙara wa mai ƙorafi wani haƙƙi na a-zo-a-gani ba.

Fitilun Kalmomi: adalcin hanya, ladabtarwa, cin zarafin iyali, 'yan sanda, tantancewa

1.0 Gabatarwa

Matar da mijinta ke cin zarafinta, a ƙasar da doka ke aiki, wurin 'yan sanda take kai kuka. Idan kuwa mijin ɗan sanda ne, to ofishin da za ta je wurin aikinsa ne, wanda zai ɗauki bayaninta ƙila abokin sintirinsa ne, kwamfutar da za a shigar da sabon adireshinta kuma mijin ya san yadda ake buɗe ta. Shi ma ɗan sandan da aka zarga yana da nasa abin tsoro. Zargi guda, ko da bai tabbata ba, yana iya raba shi da kakinsa da mutuncinsa a hannun shugaban da jaridu ke matsa wa lamba ya nuna cewa ya ɗauki mataki. Tsarin ladabtarwa na gari dole ne ya amsa wa mutanen nan biyu a lokaci guda.

Birtaniya ta ɗanɗana kuɗarta saboda sakaci da ɓangaren farko. A watan Fabrairun 2023 kotu ta yanke wa David Carrick, ɗan sanda mai riƙe da bindiga a rundunar birnin Landan, ɗaurin rai da rai har 36, bayan ya amsa tuhuma 49 da suka haɗa da fyaɗe 24 a kan mata 12. Da yawa daga cikin matan masu hulɗar soyayya ne da shi. Sunansa ya zo gaban 'yan sanda sau tara kafin asirinsa ya tonu, amma ba a taɓa samunsa da saɓa ƙa'idar aiki ba. Ko a Yulin 2021 da aka kama shi bisa zargin fyaɗe, taƙaita masa aiki kawai aka yi, ba a dakatar da shi ba. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, waɗanda aka ɗora wa alhakin lura da shi kuma suka kau da kai.

Tun kafin wannan, a watan Maris na 2020, ƙungiyar lauyoyi ta Centre for Women's Justice, wato Cibiyar Nema wa Mata Adalci, ta shigar da abin da ake kira babban ƙorafi. Wannan hanya ce da wata doka ta 2017 ta samar domin ƙungiyoyin da aka amince da su su kai kuka a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a aikin 'yan sanda, maimakon laifin mutum guda. Kwalejin Aikin 'Yan Sanda, da Hukumar Sufetocin 'Yan Sanda, da ofishi mai zaman kansa da ke binciken halayyar 'yan sanda, wanda aka fi sani da IOPC, su suka bincika ƙorafin, suka fitar da rahoton da ake magana a kai. Manufar wannan muƙala ita ce auna wannan rahoto da abin da gwamnati ta gina a bayansa.

2.0 Ma'anar Adalcin Hanya

A wannan muƙala an bambanta adalcin sakamako da adalcin hanya. Na farko yana tambaya ne ko hukuncin da aka yanke daidai ne. Na biyu yana tambaya ko matakan da aka bi kafin a kai ga hukuncin sun mutunta waɗanda abin ya shafa. A shari'ar Ingila ginshiƙansa biyu ne: a saurari kowane ɓangare, sannan kada mutum ya zama alƙali a shari'ar da yake da ruwa da tsaki a cikinta. Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga ginshiƙin farko, domin shi ne hikimar i'izari a kotunan Malikiyya, inda alƙali ke tambayar wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja kafin a rufe magana.

Abin lura shi ne shari'ar da ta farfaɗo da wannan ƙa'ida a Ingila ta ɗan sanda ce. A 1958 aka gurfanar da Charles Ridge, shugaban 'yan sandan garin Brighton, bisa zargin haɗa baki don toshe hanyar shari'a. Kotu ta sallame shi, amma alƙalin ya soki shugabancinsa da kakkausar murya. Kwamitin da ke kula da rundunar ya kore shi ba tare da ya sanar da shi tuhumar ko ya saurare shi ba. A 1963 kwamitin shari'a na Majalisar Dattawan Birtaniya, wanda shi ne kotun ƙoli a lokacin, ya soke korar. Kotun ba ta wanke Ridge daga gazawa ba. Abin da ta ce shi ne ba a raba mutum da muƙami irin wannan sai an ji ta bakinsa.

Masana halayyar ɗan'adam sun ƙara wa batun wata fuska. Binciken John Thibaut da Laurens Walker na 1975, da na Tom Tyler na 1990, sun nuna cewa mutane sun fi karɓar hukuncin da bai yi musu daɗi ba idan sun ga an ba su damar magana, mai hukunci bai karkata ba, kuma an yi musu bayanin dalili. Wannan ya shafi mai ƙorafi kamar yadda ya shafi wanda ake ƙorafi a kansa. Saboda haka kuskure ne a ɗauki adalcin hanya a matsayin garkuwar wanda ake tuhuma shi kaɗai.

3.0 Abin da Rahoton Ya Dace a Kai

Babbar gudummawar rahoton ita ce nuna yadda rundunoni ke cakuɗa shari'ar laifi da shari'ar ladabtarwa, alhali kowace da manufarta da ma'auninta. A kotun laifi dole ne a tabbatar da tuhuma har ba sauran shakka mai ma'ana. A zaman ladabtarwa kuwa rinjayen hujja ya wadatar, wato a gamsu cewa yiwuwar abin ya faru ta fi yiwuwar bai faru ba. Manufar ladabtarwa, kamar yadda jagorar Kwalejin ta tsara, ita ce kare amincewar jama'a, da kiyaye martabar aiki, da kare al'umma. Dokokin halayyar 'yan sanda na 2020 sun ba da damar a ci gaba da binciken ladabtarwa ko da ana binciken laifi, sai dai idan hakan zai ɓata shari'ar laifin. Sun kuma bayyana cewa halin da ke zubar da mutuncin aiki laifi ne, ko a bakin aiki aka yi shi ko a gida.

Duk da haka, rahoton ya gano cewa sau da yawa da zarar an rufe binciken laifi, sai a rufe na ladabtarwa, ko ma ba a buɗe shi ba tun farko. Wani lokaci kuma a sassauta wa abin saboda wai a gida ya faru, ba a bakin aiki ba. Wannan ganowa tana da nauyi, domin cin zarafin iyali laifi ne da masu ƙara ke yawan janyewa daga shari'arsa: akwai 'ya'ya a tsakani, akwai kuɗin haya, akwai tsoro. Idan janyewar mace daga kotu ta zama wankewa ga miji a wurin aiki, to tsoratar da ita ya zama hanya mafi sauƙi ta tsira da aikinsa.

Rahoton ya kuma haska wani giɓi da ba a cika magana a kai ba. Wasu 'yan sanda a wurin aiki suke samun abokan zama, don haka wani kaso na masu ƙorafin su ma 'yan sanda ne ko ma'aikatan runduna. A ƙarƙashin dokar 2002 da ta tsara ƙorafe-ƙorafe, wanda ke aiki ƙarƙashin shugaba ɗaya da wanda yake zargi ba ya samun matsayin mai ƙorafi. Ke nan 'yar sandar da mijinta ɗan sanda ya doka ba ta da haƙƙin neman a sake duba sakamakon bincike, haƙƙin da maƙwabciyarta farar hula take da shi. Rahoton ya nemi Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta duba wannan, kuma ya yi daidai.

4.0 Inda Rahoton Ya Yi Rauni

4.1 Fassarar Alƙaluma

Masu binciken sun duba ƙararrakin shekarar 2018 daga wasu rundunoni, suka samu cewa kusan ɗaya cikin goma ne suka kai ga gurfanarwa. Daga nan suka lura cewa wannan adadi bai yi nisa da na sauran ƙararrakin cin zarafin iyali ba. Mai karatu zai iya fahimtar cewa ashe ba a nuna wa 'yan sanda gata. Amma wannan kwatance yana da matsala biyu. Ta farko, ma'aunin da aka ɗauka shi kansa gurgu ne: cewa matar ɗan sanda tana samun abin da sauran mata ke samu ba abin kwantar da hankali ba ne idan sauran matan ma ba sa samun komai. Ta biyu, alƙaluman waɗanda suka kai ƙara kawai suka ƙidaya. Idan matar ɗan sanda ta fi kowa jin tsoron kai ƙara, to waɗanda suka daure suka kai, mai yiwuwa ne lamarinsu ya fi tsanani. A irin wannan hali, daidaituwar adadi tana iya zama alamar rashin daidaito.

4.2 Neman Haɗin Baki a Cikin Fayil

Ƙungiyar da ta shigar da ƙorafin ta yi zargin cewa abokan aiki kan rufa wa juna asiri. Rahoton ya ce bai samu tabbatacciyar shaidar haɗin baki ba a ƙararrakin da ya duba, ko da yake ya yarda cewa matakan kariya ba su wadatar ba. A nan hanyar binciken ce ta iyakance abin da za a iya gani. Fayil abin da aka rubuta kawai yake ɗauke da shi. Kiran wayar da aka yi a wajen ofis, da shaidar da aka ƙi zuwa ɗauka, da maƙwabcin da ba a buga wa ƙofa ba, babu ɗaya da ke barin sawu a takarda. Wanda ya rubuta fayil ɗin kuma shi ne ake zargin ya karkata. Ya kamata rahoton ya bayyana wannan iyaka da ƙarfin da ya bayyana sakamakon.

4.3 Ƙin Amincewa da Masu Bincike na Waje

Babbar buƙatar masu ƙorafin ita ce wata runduna ta daban ta riƙa binciken irin waɗannan ƙararraki. Rahoton bai yarda a mayar da wannan doka ta bai-ɗaya ba. Ya gwammace a tabbatar cewa mai bincike ba shi da alaƙa da ɓangarorin, a kai ƙara waje kawai idan hali ya buƙata. Hujjarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin runduna ta nesa ba ta san wurin ba, kuma ba ita ce za ta kai ɗauki da tsakar dare ba. Sai dai kare rayuwar mai ƙara daban, binciken laifi daban, ana iya barin na farko a gida a fitar da na biyu.

Mafi muhimmanci, shawarar rahoton ta bar wa rundunar da ake zargin ɗanta ikon yanke ko ta cancanci ta binciki kanta. Wannan ya ci karo da ginshiƙi na biyu na adalcin hanya. Ma'aunin kotunan Ingila a kan son kai shi ne ko mai kallo mai adalci, wanda ya san yadda abin yake, zai ga akwai yiwuwar karkata. Ba a buƙatar a tabbatar cewa an karkata. A cikin rundunoni 43 na Ingila da Wales akwai ƙanana, inda da wuya a sami jami'in bincike da bai taɓa haɗa aiki ko horo da wanda ake zargi ba. Binciken waje shi ma ɗan sandan zai amfana, domin wankewar da abokan aikinsa suka yi masa ba mai yarda da ita, zargin zai ci gaba da binsa.

4.4 Matsayin Mai Ƙorafi da na Wanda Ake Zargi

Rahoton ya yi magana mai yawa a kan kula da mai ƙorafi da sanar da ita halin da ake ciki, amma bai taɓa tushen matsayinta ba. A zaman ladabtarwa ɓangarori biyu ne: runduna da ɗan sanda. Ita shaida ce kawai. Ɗan sandan yana da lauya, yana kuma da kotun ɗaukaka ƙara ta 'yan sanda idan hukunci bai yi masa ba. Ita kuwa, in ba ta gamsu da hukuncin kwamiti ba, sai doguwar hanya mai tsada ta neman Babbar Kotu ta duba sahihancinsa. Ga matar da ta zo Birtaniya da bizar aure, irin da yawa daga cikin matan Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma, abin ya fi haka nauyi. Babban ƙorafi na farko, wanda ƙungiyoyin Liberty da Southall Black Sisters suka shigar a 2018, a kan yadda 'yan sanda ke miƙa bayanan masu kai ƙara ga hukumar shige da fice ne. Macen da zamanta a ƙasa ya rataya a wuyan miji ɗan sanda tana fuskantar tsoro biyu a ƙofa ɗaya.

A ɗaya ɓangaren, rahoton ya yi ƙarancin magana a kan abin da wanda ake zargi ke fuskanta. Rahoton wucin gadi na Baroness Louise Casey a kan rundunar Landan, na Oktoban 2022, ya cike wani sashe na wannan giɓi. Ya nuna cewa ƙarar saɓa ƙa'idar aiki tana ɗaukar kimanin kwana 400 kafin a kammala ta. Ya kuma nuna cewa yiwuwar a tuhumi baƙar fata a rundunar ta ɗara ta farar fata da kashi 81 cikin ɗari. Jinkiri yana gajiyar da mai ƙorafi har ta janye, yana kuma barin wanda ba shi da laifi cikin zullumi fiye da shekara. Tsarin da ke ɗauke da irin wannan bambancin launi kuwa, duk ikon da aka ƙara wa masu riƙe da shi, sai a tambayi a kan wa zai fi sauka.

5.0 Gyare-gyaren da Suka Biyo Baya

5.1 Shugabancin Kwamitin Ladabtarwa

Daga Janairun 2016, bayan bitar da Manjo Janar Chip Chapman ya yi a 2014, lauyoyi masu zaman kansu ne suka riƙa shugabantar kwamitocin ladabtarwa. Bayan shari'ar Carrick, Kwamishinan Landan Sir Mark Rowley ya yi ta kukan cewa ana tilasta masa zama da jami'an da ba shi da ikon kora. Gwamnati ta saurare shi. Daga Mayun 2024 shugabancin kwamiti ya koma hannun shugaban runduna ko babban jami'in da ya wakilta, tare da mutum biyu masu zaman kansu, lauya kuma ya koma mai ba da shawara.

Hujjar shugabannin ba ta banza ba ce. Wanda za a tuhuma da halin rundunarsa yana da haƙƙin ya ce uffan a kan wanda zai zauna a cikinta. Amma alƙaluman Casey sun nuna inda matsalar take. Kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari na zarge-zargen da ake yi a rundunar Landan suna ƙarewa ne da cewa babu abin amsawa, kuma jami'an cikin gida ne ke yanke wannan, tun kafin wani lauya ya ga fayil. Daga cikin ma'aikata 1,809 da aka yi wa ƙara fiye da ɗaya tun 2013, 13 kacal aka kora. Carrick bai taɓa zuwa gaban lauya mai zaman kansa ya tsira ba, tun a ƙasa aka riƙa sakinsa. An bar jaki ana dukan taiki.

Illar gyaran kuma a bayyane take. Rundunar da ta yi bincike, ta shigar da tuhuma, yanzu ita ke shugabantar hukunci. Ɗan sanda ba ma'aikaci ba ne irin na kamfani: ba shi da izinin yajin aiki tun 1919, kuma a mafi yawan hali ba shi da damar kai ƙarar korar zalunci a kotun ma'aikata. Wanda aka kora yana shiga jerin waɗanda aka haramta wa aikin, jerin da aka fara a 2017. Mutumin da aka toshe wa waɗannan ƙofofi ya fi buƙatar alƙali mai zaman kansa. Mai ƙorafi ma ba ta ci riba ba, domin ita tun farko rundunar ce ba ta yarda da ita ba.

5.2 Kora Ta Hanyar Tantancewa

Rundunar Landan ta ɓullo da wata hanya a 2023, ta sake tantance jami'an da zarge-zarge suka taru a kansu. Wanda aka janye wa shaidar tantancewa ba zai iya aiki ba, daga nan sai a kore shi bisa gazawa. A Fabrairun 2025 Babbar Kotu, ta bakin Mai Shari'a Lang, ta ce wannan hanya ta saɓa wa doka, a ƙarar wani saja da aka yi wa zarge-zargen cin zarafin mata, waɗanda ya musanta kuma ba a gurfanar da shi a kansu ba. Kwamitin da zai kore shi ba shi da ikon sake duba dalilin janye shaidar, ke nan zaman sauraron ya zama na jeka-na-yi-ka. A Mayun 2025 gwamnati ta kafa dokokin tantancewa da suka ba da ikon korar wanda ya rasa shaidar.

Wannan shi ne wuri mafi wuya a batun, kuma bai kamata a sauƙaƙa shi ba. Cin zarafin iyali ɗabi'a ce mai maimaituwa, dokar 2015 da ta haramta danniya da juya abokin zama ta tabbatar da haka. Mata uku da ba su san juna ba, kowace ta kawo labari iri ɗaya sannan ta janye, wannan hujja ce, kuma tsarin da ke duba kowace ƙara ita kaɗai makaho ne. Rundunar ta yi gaskiya da ta nemi a haɗa su a duba. Inda ta kauce shi ne neman a yi hakan a ɗakin da wanda ake zargi ba zai iya ƙalubalantar hujjar ba. Maganin binciken da aka yi wa riƙon sakainar kashi shi ne a sake shi da kyau, a haɗa zarge-zargen a tuhuma ɗaya, a kai gaban kwamiti. Korar da aka gina a kan tarin zato tana barin matan ba tare da an taɓa cewa sun yi gaskiya ba.

6.0 Waiwaye a Kan Amurka da Nijeriya

Amurka ta bi wata hanya. Gyaran dokar bindiga na 1996, wanda ake kira da sunan Sanata Lautenberg, ya haramta riƙe bindiga ga duk wanda kotu ta samu da laifin cin zarafin iyali, ko da ƙaramin laifi ne, kuma bai ware 'yan sanda ba. Tun da ɗan sandan Amurka ba ya aiki sai da bindiga, hukuncin kotu ya zama kora. Amma rataya komai a kan hukuncin kotun laifi yana ƙara wa kowa dalilin hana shari'ar kaiwa can, har da matar da albashin mijin ne abincin 'ya'yanta. A gefe guda, Kotun Ƙolin Amurka ta nuna cewa gaggawa da adalci suna iya tafiya tare: a shari'ar Loudermill ta 1985 ta wajabta sanarwa da damar magana kafin kora, a shari'ar Homar ta 1997 kuma ta halatta dakatar da ɗan sandan da aka tuhuma da babban laifi nan take, a saurare shi daga baya.

Nijeriya ta gaji ƙa'idojin nan daga Ingila, kuma sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi haƙƙin sauraro. A shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri ta 1986, Kotun Ƙoli ta soke korar ɗalibai saboda wanda ya shugabanci kwamitin bincike yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, ta kuma ce tuhumar aikata laifi hurumin kotu ce. Rabin farko na wannan hukunci darasi ne da Ingila ke buƙata a yau. Rabi na biyu, ko da yake hukunce-hukuncen baya sun sassauta shi a sha'anin ma'aikata, idan aka ɗora shi a kan ɗan sanda mai dukan matarsa zai haifar da kuskuren da rahoton 2022 ya gano, wato jingine ladabtarwa har sai kotu ta yi magana.

7.0 Kammalawa

Rahoton 2022 aiki ne mai daraja wajen gano cuta, amma ya ji nauyin rubuta maganin da bincikensa ya nuna. Gwamnati kuma ta ɗauki batun tamkar sikeli, duk abin da aka rage wa ɗan sanda an ƙara wa mace ke nan. Wannan muƙala ta nuna akasin haka. Jinkiri, da bincike a hannun abokan aiki, da rufe ƙara ba tare da bayyana dalili ba, duka ɓangarorin biyu suke cutarwa.

Daga abin da ya gabata, gyara huɗu ne suka fi cancanta. A mayar da binciken waje ya zama asali, barin ƙara a gida ya zama togiya da za a rubuta dalilinta. A wajabta buɗe binciken ladabtarwa mai cin gashin kansa a kowane zargi, tare da wa'adin kammalawa. A ba mai ƙorafi, farar hula ce ko 'yar sanda, rubutaccen dalilin kowane hukunci da haƙƙin neman a sake dubawa. Sannan a yi amfani da dakatarwa da janye makami da toshe damar shiga bayanai tun ranar farko a matsayin matakan kariya, a bar hukuncin ƙarshe a hannun kwamitin da runduna ba ta shugabanta. Rundunar da ke neman jama'a su yarda da hukuncinta a kan titi, dole ne ta fara nuna cewa ta iya yin adalci tsakanin ɗanta da matar da ke ƙararsa.